DARASIN MANOMA: Yadda Ake Samun Sabon Irin Tuffa, da Wanda Ya Dace da Ƙasarmu

Darasinmu na wannan fitowa a kan tuffa ne, wadda 'yan kasuwa ke kira aful. Kowa ya ga yadda ake jera ta a tire a tashar mota da ƙofar asibiti, kowa kuma ya san tsadarta. Yawancin wadda muke gani daga waje ake kawo ta, musamman daga Afirka ta Kudu. Saboda haka manomi yakan tambayi kansa, me zai hana mu shuka abinmu?

Ana iya noma ta a waɗansu wurare namu, amma ba kowane iri ba, ba kuma a kowace ƙasa ba. Wanda ya shuka gero marar kyau, damina ɗaya ya yi hasara. Wanda ya dasa itace marar kyau kuwa, sai bayan shekara biyar ko fiye zai gane, ya riga ya ɓatar da taki, da ruwa, da fili, da ƙarfinsa. Domin haka muna roƙo a karanta darasin nan a taron ƙungiya, a hankali, kafin a fitar da ko kwabo daga asusu.

1. TUFFA 'YAR ƘASAR SANYI CE

Asalin tuffa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen ƙasar Kazakistan. Har yau akwai tuffar jeji a can. Daga nan mutane suka yi ta ɗaukarta zuwa ƙasashe, har yanzu an san iri fiye da 7,500 a duniya.

A ƙasarta ta asali sanyi yakan yi tsanani wata da watanni. Idan sanyi ya shigo, bishiyar takan zubar da ganye duka, ta tsaya kamar busasshiya. Barci take yi. Idanun da ke jikin rassanta, watau inda toho da fure za su fito, ba za su buɗe ba sai sun sha sanyi ya ishe su. Hikimar Mahalicci ke nan, gama da za ta yi toho a tsakiyar sanyi, da ƙanƙara ta kashe furen.

Masana suna ƙirga wannan sanyi da awa. Suna ƙirga awoyin da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7. Yawancin irin tuffa suna bukatar awa 500 zuwa 1,000 na irin wannan sanyi kowace shekara, waɗansu ma fiye. Idan ba su samu ba, toho yakan fito jefi-jefi, rassa su zauna tsirara, fure ya yi kaɗan, 'ya'ya kuma babu.

To, mu duba ƙasarmu. Tudun Jos yana da tsayin wajen mita 1,200 bisa teku, tudun Mambila a jihar Taraba ya fi shi, wajen mita 1,600. Su ne wuraren da suka fi sanyi a wajenmu, ana kuma ɗan noman tuffa a cikinsu. Duk da haka, ko a tsakiyar hunturu ba safai sanyinsu ke sauka ƙasa da digiri 7 ba. Ashe ke nan abu na fari da za mu tambaya game da kowane irin tuffa shi ne, sanyi nawa take bukata?

2. ƘWAYAR TUFFA BA TA GADON UWARTA

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Ƙwayar tuffa ba ta bin wannan magana. Ga dalili.

A cikin furen tuffa akwai sashen namiji mai ɗauke da wani gari rawaya, akwai kuma sashen mace a tsakiya. Sai garin ya sauka a kan sashen mace kafin ɗa ya ƙullu. Amma yawancin tuffa ba su karɓar garin furen kansu, ko na wata bishiya irinsu ɗaya. Sai ƙudan zuma sun ɗebo gari daga wani iri dabam. Watau kowace ƙwaya da ke cikin tuffa tana da uwa, tana da uba dabam, ta kuma haɗo halayen kakanni daga ɓangare biyu. In ka shuka ƙwaya goma daga tuffa guda, bishiya goma dabam dabam za ka samu. Yawancinsu 'ya'yansu ƙanana ne, masu tsami ko bauri.

Mun san irin wannan a gonakinmu. Wanda ya ajiye iri daga masarar aure ya sake shukawa, ya ga yadda gonar ke fitowa wani dogo wani gajere. Wanda kuwa ya dasa karan rogo ko rake, abin da ya dasa shi yake samu daidai, domin jikin uwar ne ya dasa. Haka tuffa take. Ƙwaya tana kawo sabon abu wanda ba a sani ba. Reshe yana kawo abin da aka riga aka sani.

Saboda haka, wanda ya sayi tuffa a kasuwa ya ci, ya shuka ƙwayar, ya yi kuskure biyu. Ba zai sami irin wadda ya ci ba. Iyayen ƙwayar kuma 'yan ƙasar sanyi ne.

3. YADDA MASANA KE HAƊA SABON IRI

Abin da ya zama hasara ga manomi, shi ne jarin mai haɗa iri. Tun da kowace ƙwaya dabam take, a cikin dubbai akan sami ɗaya da ta fi iyayenta. Wani lokaci a kan dace ne kawai. Sanannen irin nan Golden Delicious a wata gona ya tsiro da kansa a jihar West Virginia ta Amurka, wani kamfanin dashe ya saye bishiyar a 1914. Amma masana ba su zauna jiran dace. Ga yadda suke yi:

Na ɗaya, su zaɓi uwa da uba. Misali, ɗaya mai zaƙi ce amma cuta na kama ta, ɗaya kuma mai jure cuta ce amma ba ta da daɗi.

Na biyu, kafin furen uwar ya buɗe, su cire sashen namiji daga cikinsa da hannu.

Na uku, su ɗebo garin furen uban, su shafa a kan sashen mace da ɗan buroshi ko yatsa. Sa'an nan su rufe furen da jaka, kada ƙudan zuma su kawo wani gari.

Na huɗu, idan 'ya'yan sun nuna, su cire ƙwayoyin, su ajiye cikin yashi mai laima a firiji wata biyu ko uku, gama ƙwayar ma ba ta tsira sai ta sha sanyi.

Na biyar, su shuka dubbai, su jira. Bishiyar da ta fito daga ƙwaya takan yi shekara biyar zuwa goma kafin ta haihu, sai dai in an aura reshenta a kan gindi mai saurin haihuwa.

Na shida, su ɗanɗana, su auna, su rubuta. Kusan dukan bishiyoyin nan sarewa ake yi. 'Yan kaɗan da suka rage sai a gwada su a gonaki dabam dabam shekaru da yawa.

Na bakwai, wadda ta ci jarrabawa a raɗa mata suna. Daga ranar nan ba a ƙara shuka ta da ƙwaya. Da reshe ake yaɗa ta. Ko bishiyoyinta sun kai miliyan, dukansu jikin bishiya ɗaya ce ta fari.

Domin mu ga tsawon aikin, ga misali na kwanan nan. A 1997 wani masani mai suna Bruce Barritt na Jami'ar Jihar Washington a Amurka ya haɗa iri biyu, Enterprise da Honeycrisp. 'Yar da aka zaɓa daga cikin zuriyarsu, wadda aka raɗa wa suna Cosmic Crisp, ba ta shiga kasuwa ba sai watan Disamba na 2019. Shekara 22 ke nan. Ja ce, mai ƙarfin tsoka, tana daɗewa a ɗakin sanyi wata da watanni, in an yanka ta kuma ba ta saurin canja launi. Iri ne mai kyau ƙwarai. Amma domin manoman Washington aka yi ta, inda ƙanƙara ke sauka. Mu riƙe wannan: kowane sabon iri domin bukatar wata ƙasa aka haɗa shi. Sabuntarsa ba ta nuna ya dace da mu.

4. LABARIN ANNA

Akwai irin da aka haɗa musamman domin ƙasa marar tsananin sanyi, shi ne wanda ya fi shafarmu.

A ƙasar Isra'ila akwai wani ƙauyen manoma mai suna Ein Shemer. Irin ƙauyukan nan ne da ake kira kibbutz, inda a wancan zamani mutane ke noma tare, su tara abin da suka samu a asusu ɗaya. Watau su ma 'yan gama kai ne kamarmu. Ƙauyen ba shi da nisa da bakin Bahar Rum, inda sanyin shekara ba ya tsanani, tuffar Turai kuma ba ta jin daɗin wurin. A shekarun 1950 wani mutumin ƙauyen mai suna Abba Stein ya ɗauki wannan matsala. Ya dubi wata tuffar gida da ake kira Red Hadassiya. 'Ya'yanta ƙanana ne, ba su da daraja a kasuwa, amma tana haihuwa ba tare da dogon sanyi ba. Ya haɗa ta da Golden Delicious, mai girma da zaƙi. A cikin zuriyarsu ya sami wadda ta ɗauko jimiri daga ɗaya, ta ɗauko girma da daɗi daga ɗayan. Aka fitar da ita a 1959 da sunan Anna.

Mu lura da darasin da ke ciki. Bai raina irin gida ba. Abin da na waje ya rasa, a wurin na gida ya same shi. Wannan ya isa ya sa mu kula da tsofaffin irin dawa, da acca, da wake da iyayenmu suka bar mana.

Daga Isra'ila Anna ta bazu zuwa ƙasashe masu ɗumi. Ana noma ta a Masar, da Indonesiya, da kudancin Amurka, da tuddan Kenya, da Yuganda, da Habasha. A Chencha, kan duwatsun kudancin Habasha, masu aikin bishara ne suka fara kai tuffa, daga baya Ikkilisiyar Kale Heywet ta taimaka wajen yaɗa dashe ga manoma, har tuffa ta zama babbar hanyar samun kuɗi ga gidaje da yawa. Sai dai mu sani Chencha ta fi Jos da Mambila tsayi da sanyi nesa ba kusa ba.

5. HALAYEN ANNA

Abubuwan kirki:

(a) Sanyin da take bukata bai kai awa 300 ba.
(b) Dashen aure yakan fara haihuwa a shekara ta biyu ko ta uku.
(c) Tana nuna da wuri, wajen wata huɗu bayan fure.
(d) 'Ya'yanta matsakaita ne zuwa manya, masu ɗan tsawo. Fatar kore ce mai haske zuwa rawaya, da ja a gefen da rana ke bugu. Tana da zaƙi da ɗan tsami.

Inda ta kasa:

(a) Ba ta jure ajiya. In ta nuna aka bar ta cikin zafi, cikin 'yan makonni tsokar ta yi laushi kamar gari. Tilas a san kasuwa tun kafin a tsinka.
(b) Ita kaɗai ba ta haihuwa sosai. 'Ya'yan da ba su sami garin wani iri ba sukan fito sirara, babu ƙwaya ko kaɗan ce. Tana bukatar abokiya mai yin fure lokaci ɗaya da ita. Wadda aka fi haɗa su ita ce Dorsett Golden, rawayar tuffa da ta tsiro daga ƙwaya a tsibiran Bahamas a shekarun 1950, ita ma ba ta bukatar sanyi mai yawa. A dasa abokiya ɗaya ga kowace Anna takwas ko goma. A kuma ɗaura amya kusa da lambu. Kada a yi feshin maganin ƙwari lokacin fure, gama zai kashe ƙudan zuma.
(c) Da damina cututtukan laima na kama ta: baƙin tabo a ganye da 'ya'ya, da wata farar ƙura kamar gari a kan sabon toho. A rage rassa domin iska ta ratsa, a tara ganyen da ya kamu a ƙone.
(d) Takan ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinta. A rage tun suna ƙanana, a bar ɗaya ko biyu a kowane gungu, sauran za su yi girma.

6. DABARAR TSIGE GANYE

Mun ce ko a tuddanmu sanyi ba ya cika isa. To, yaya ake yi? Manoman Batu, a tsibirin Java na Indonesiya, sun daɗe da wata dabara. Bayan an tsinke 'ya'ya da kamar wata ɗaya, sai su tsige ganyen bishiyar duka da hannu, su lanƙwasa rassan su ɗaure su a kwance. Ganye shi ne ke hana idanun reshe buɗewa. In an cire shi kafin bishiyar ta yi barci mai nauyi, idanun sukan farka, cikin mako uku ko huɗu fure ya fito. Reshen da ke kwance kuma yakan yi toho a dukan tsawonsa, ba a kansa kaɗai ba. Da haka suke girbi sau biyu a shekara.

Wannan dabara tana ba manomi ikon zaɓen lokacin fure. Fure cikin ruwan Agusta wahala ce, ƙudan zuma ba su fita, cuta kuma ta yi yawa. Ya fi kyau furen ya faɗo a rani. Amma hakan na nufin tilas lambu ya kasance kusa da rijiya ko rafi marar ƙafewa. A rage ban ruwa 'yan makonni kafin a tsige ganye, bayan an tsige a zuba ruɓaɓɓen taki, a koma ban ruwa sosai. Kada a tilasta wa ƙaramar bishiya ko ramammiya haihuwa biyu a shekara.

7. AUREN ITACE

Tun da reshe ne ke riƙe da iri, tilas mu iya aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro da lemo. Dashen tuffa mutum biyu ne a jiki ɗaya. Na ƙasa shi ne gindi, mai saiwa. Na sama shi ne reshen irin da ake so. Gindin da aka fi amfani da shi a tuddan Afirka ana kiransa MM106, daga Ingila aka fitar da shi. Yana sa bishiya ta tsaya matsakaiciya, ta haihu da wuri. Amma ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya, gindin yakan ruɓe. Kada a dasa a fadama.

A yanko reshe mai kaurin fensir, mai ido biyu ko uku, daga bishiya mai lafiya da aka san sunanta. Da wuƙa mai kaifi da tsabta a fere shi a karkace, a fere gindin haka nan. A haɗa su yadda koren da ke ƙarƙashin ɓawo zai sadu da ɗan'uwansa, gama ta nan suke kamuwa. A ɗaure tam da zaren leda. Cikin mako uku ko huɗu za a ga toho in ya kama. Wajen dasawa, a bar mahaɗar a sama da ƙasa kamar tafin hannu guda. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa a cire shi. A bar mita 3 zuwa 4 tsakanin bishiyoyi, a yi shinge saboda awaki, a kula da gara.

Aikin nan tsoho ne. Manzo Bulus ya yi misali da auren zaitun a Romawa sura 11, ya tuna wa masu bi cewa saiwa ce ke ɗauke da reshe. Duk wanda ya taɓa aura itace da hannunsa zai karanta surar nan da sabon ido.

8. ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Na ɗaya, a dubi wuri. Inda dankalin Turawa ke yi sosai, kamar wajen Bokkos, da Mangu, da Vom, da Gembu, ana iya gwadawa. 'Yan'uwa na ƙasa mai zafi, ku sa ƙarfinku ga mangwaron aure, da gwaiba, da lemo, da kashu. Ba abin kunya ba ne. Kowace ƙasa da baiwar da Allah ya yi mata.

Na biyu, kada a yi cinikin biri a sama. Mai sayar da dashe ya faɗi sunan irin da sunan gindin. A ga tabon aure da ido. A aiki mutum biyu su je su ga uwar bishiyar da 'ya'ya a kanta, a ƙasa irin tamu. Hoto a waya ba shaida ba ne. A nemi shawarar malamin gona.

Na uku, a fara da kaɗan. Bishiya ashirin a filin ikkilisiya ko gonar ƙungiya sun isa gwaji: Anna goma sha bakwai, abokiya uku. Kada a ci bashi domin gwaji, kada kuma a taɓa gonar abinci.

Na huɗu, magatakarda ya buɗe littafi. Kowace bishiya da lambarta. A rubuta ranar dashe, ranar tsige ganye, ranar fure, yawan 'ya'ya, da cutar da aka gani. Bayan shekara uku ko huɗu littafin zai nuna bishiyoyin da suka fi, daga cikinsu za a yanki rassan aure a raba wa 'yan ƙungiya. Aikin da Abba Stein ya yi ke nan a ƙaramin mataki: dubawa, rubutawa, zaɓe.

Na biyar, a koya wa matasa da zumuntar mata aure. Sana'a ce da ba ta bukatar babban fili, dashe mai suna na gaskiya kuwa ba ya rasa mai saye. In mun kai ga sayarwa, mu faɗi gaskiyar abin da ke cikin leda. Wanda ya sayar wa maƙwabcinsa tsiron ƙwaya da sunan ɗan aure, ya sace masa shekaru biyar.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa ƙwayar tuffa ba ta fitar da irin uwarta? Waɗanne amfanin gona ne namu suke haka?
2. Ƙauyenmu yana da sanyi da ruwan rani da za su ishi tuffa? In babu, wane itace ya fi dacewa da mu?
3. In Anna ta nuna, a ina za mu sayar cikin mako biyu, wa zai kai?
4. Waɗanne tsofaffin iri ne ke ɓacewa a garinmu, wa ke riƙe da su har yanzu?
5. Su wa za mu aika su koyi auren itace a bana?

A rufe taro da addu'a, a roƙi Ubangiji ya ba mu haƙurin mai dasa itace da gaskiya cikin ciniki. Ƙungiyar da ta riga ta gwada tuffa, muna roƙo ta aiko mana da abin da ke cikin littafinta ta hannun fastonta, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.